Takalmin Ancient Greek Sandals a Ƙafar 'Yar Birnin Kebbi

Duk badukun da ya ɗauki takalmin kamfanin Ancient Greek Sandals ya kai hanci zai gane shi nan take. Fatar da aka jeme da sinadarin itace ce, 'yar'uwar wadda majemanmu ke tsamowa daga ruwan bagaruwa. Mai shirin saye ta riƙe wannan, domin kyan takalmin da wahalarsa duk daga nan suka taso. Hanyar zuwansa nan oda ce ta intanet ko tsarabar ɗan'uwa daga waje, kuma mayar da shi bayan ya iso aiki ne babba, saboda haka gara a san shi kafin kuɗi ya fita.

Mutum biyu 'yan ƙasar Girka suka kafa kamfanin a farkon shekarun 2010, Christina Martini da Nikolas Minoglou. Ita Martini ta koyi zanen takalmi a kwalejin Cordwainers ta Landan, ta yi shekaru tana zana wa Louis Vuitton da Balenciaga kafin ta koma gida. Tana cikin Girkawan da suka yi suna a harkar sutura ta duniya. Marigayiya Sophia Kokosalaki, wadda ta rasu a 2019, ita ta tsara suturar bikin buɗe wasannin Olamfik na Atina a 2004, kuma an san ta da naɗe-naɗen yadi irin na mutanen Girka na dā. Mary Katrantzou, mai buga zanen kwamfuta a jikin yadi, a 2024 kamfanin Bulgari ya ɗora ta kan sashen kayan fata. Martini takalmi ta kama, kuma a Girka ake haɗa shi da hannu.

Abin da ya fi burge mai sana'a shi ne yanka. Maɗaurin ƙirgi ne, wato fatar saniya, mai kaurin da zai tsaya da kansa ba tare da an cusa masa kwali ko soso ba. A nan ne yawancin takalman kasuwanninmu ke faɗuwa. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, ba ta da na biyu wajen laushi, amma siririya ce kuma tana miƙewa, shi ya sa ake manna ta kan kwali. Ruwa ya taɓa kwalin, takalmi ya tashi aiki. Na Girka ba shi da abin ɓoyewa a ciki: shimfiɗa fata, maɗauri fata, baki a gyare sumul, ƙafar hagu da ta dama kamar an tsaga kara. Mai launin fata na asali yana zuwa da haske, rana da gumi su riƙa dafa shi har ya koma kalar zuma. Wannan ba lalacewa ba ce, halin fatar ke nan.

Wane samfuri? Hajiya, ki ƙirga sau nawa kike cire takalmi a yini: ƙofar ɗaki, tabarma, sallah, gidan biki, gidan gaisuwa. Ikaria, mai fukafukai a idon sawu, shi ne ya fi fice a hoto, amma sai an sunkuya an ɗaure, kuma doguwar riga ko zani za su rufe fukafukan da aka biya kuɗi dominsu. Eleftheria mai siraran igiyoyi a kitse yana da kyau a ƙafa mai lalle, sai dai siririyar igiya ta fi saurin cin fata idan ƙafa ta kumbura da zafin bazara. Na zurawa su ne namu: Taygete mai faffaɗan maɗauri guda, da Thais mai biyu a giciye. A ganinmu Thais ya fi riƙe ƙafa. (Fiffiken da ke tambarinsu da sunayen samfuran daga tsofaffin labaran Girkawa na zamanin bautar gumaka aka ɗebo da yawansu. Wadda hakan zai dame ta, ta sani tun yanzu.)

Babban abokin gabar wannan takalmi a ƙasarmu alwala ce. An yi shi ne don bazarar Girka, inda ƙafa ke wuni a bushe. Fatar da aka jeme da itace tana shan ruwa kamar sabuwar randa. Jiƙaƙƙiyar ƙafa sau 5 a yini tana barin shatin yatsu baƙi a shimfiɗa, ruwan kuma yana fitar da man da ke cikin fatar, in ta bushe ta ƙandare, daga nan sai tsagewa a daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Maganin ba wuya: silifas ɗin roba don alwala da bayi, a tsane ƙafa da tawul har tsakanin yatsu, sannan a zura na fata. In ruwan sama ya kama shi, a goge da tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa kwana 1 ko 2. Kada a shanya a rana, kada a kai kusa da murhu. Zafi kan jiƙaƙƙiyar fata yana tsuke ta, kuma ba ta dawowa.

Akwai wani abu da dukawa suka sani, masu saye ba su sani ba. Sinadarin jima na itace in ya haɗu da ƙarfe da danshi, baƙi yake komawa. Da haka ake yin kuloko, baƙin rinin fata. To, jiƙaƙƙen takalmi in aka ɗora shi kan ƙofar ƙarfe mai tsatsa, ko bokitin ƙarfe, ko aka wanke shi da ruwan burtsatse mai jan ƙarfe, zai yi ɗigon baƙi wanda sabulu ba ya fitarwa. Haka ma lalle. Sabon ƙunshi yana sakin launi da gumi, baƙin rini ya fi shi ɓarna. A bar ƙafa ta yi kwana 2 zuwa 3 bayan ƙunshi, ko kuma amarya ta zaɓi mai launin baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu tun farko.

Sai ƙasan takalmin. Samfuran asali sirara ne, kuma tafin fata sabo yana santsi a kan tayil, ga shi a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, yashi da kwalta suna ratsowa har tafin ƙafa. Wasu samfuran suna zuwa da ƙasan roba mai kauri, kamfanin na kiransu Comfort, kuma su suka fi dacewa da titunanmu. Wadda ta riga ta sayi mai siririn ƙasa, ta kai wa shumeka ya sa masa roba mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 a rabin gaba. Ta tsaya a yi a gabanta. Zai kankare wurin da sanfefa, ya kakkaɓe garin, ya shafa gam a fatar da robar duka biyu, ya bari minti 10 zuwa 15 har gam ɗin ya daina bin yatsa, sannan ya haɗa, ya daddoka da guduma, ya datse baki da wuƙa. A bar shi awa 24 kafin a taka. Kuskure uku ake yi: haɗawa gam na ɗanye, sai robar ta ɗago cikin mako, ɗiga gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ke mayar da fata kamar ƙashi ta karye, da ɗinkewa da basilla ta saman shimfiɗa, zaren ya riƙa cin ƙafa, ramukan su zama ƙofar ruwa.

Da hunturu fata tana faso kamar dunduniya. Man kaɗanya kamar ƙwayar wake ya ishi ƙafa ɗaya: a narkar a tafin hannu, a shafa siriri, a bari ya kwana, a goge da tsumma. Sau 1 a wata ya wadatar. Zai ƙara mata duhu, don haka a fara gwadawa a ƙarƙashin maɗauri. Ban da man gyaɗa da man ja, suna ɗoyi kuma suna kiran ɓera. Mai ruwan zinariya ko azurfa ba a sa masa mai ko kaɗan, fenti ne a sama, busasshen tsumma kawai.

Lamba ta Turai ce. A taka takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, a zana, a auna daga dunduniya zuwa yatsa mafi tsawo. A ƙara santimita 1.5, a ninka da 1.5. Ƙafar santimita 24 ta faɗa lamba 38 ke nan. Maɗauri zai saki a faɗi bayan sawa kaɗan, amma tsawo ba ya ƙaruwa, kuma ƙafar da ta saba da silifas a baje take. In awo ya faɗa daidai tsakiyar lamba biyu, a ɗauki ta sama.

Kuɗinsa kan haura Yuro 150, ban da na aikowa da kwastan. A matsayin takalmin fita biki da ofis mai tayil da inuwa, ya ci kuɗinsa, kuma zai daɗe in an kiyaye shi. A matsayin na kasuwa da damina, asara ce. Wadda kuɗin ya yi wa nauyi ta nemi baduku mai haƙuri a Argungu ko Jega, ta ce ƙirgin bagaruwa take so, ba kwali, ba soso, a zana ƙafarta a yanka a kai. Ta duba bakin fatar kafin a yanka: in tsakiyarta ruwan ƙasa ce, jimar itace ce, in ta yi shuɗi-shuɗi mai toka, ta masana'anta ce, ba za ta yi kalar zuman nan ba. Ko wanne aka saya, in watan Agusta ya shigo a fitar da shi daga leda a sa cikin jakar yadi, domin fumfuna a leda take kama fata.