Yoyon kwale-kwale: a cika shi da ruwa a tudu, ko a barbaɗa toka?

Wani ɗan'uwanmu mai su a dam ɗin Zobe ya yi tambaya: kwale-kwalensa na katako kullum yana tara ruwa ta baya, ya shafa kwalta a wurin har ya gaji, yoyo bai tsaya ba. Wasu sun ce ya jawo shi tudu ya cika shi da ruwa, wasu sun ce ya gwada toka. Wanne ya fi?

Malam, inda ruwa ya kwanta ba lalle nan ya shigo ba. Sai ya shiga ta ramin ƙusa a goshin jirgi, ya bi mahaɗar katako ya gangara har inda ya fi kwari.

Cikawa a tudu ta fi sauri. Ka ɗora jirgin kan itace, ka zuba ruwa, ka leƙa ƙasa ka ga inda yake ɗiga. Amma ruwa nauyi gare shi: duro mai lita 200 kilo 200 ne, kuma waje yake tura katako, alhali an ƙera jirgi ne ya jure turi daga waje. In tsoho ne sai ƙusoshi su saki, ka je neman yoyo ɗaya ka dawo da uku. In kuma ya daɗe a tudu yana shan iskar hunturu, katako ya tsuke, ko'ina ɗiga zai yi, alhali yawancin waɗannan tsagu da kansu suke rufewa in katako ya jiƙa ya kumbura.

Toka tana son haƙuri. Ka kwarfe ruwan, ka goge da tsumma, rana ta busar da cikin, ka barbaɗa busasshiyar toka a mahaɗai da kan ƙusoshi. Ka mayar da shi ruwa da sassafe kafin iska ta taso. Inda toka ta fara yin baƙi, nan ne. Ka sa alama da alli nan take, don laima ba ta daɗewa take bazuwa. Ka kuma sa buhunan yashi daidai nauyin da ka saba ɗauka, domin wata tsagar ba ta taɓa ruwa sai an yi lodi.

Ni dai toka zan fara. In ba ta nuna ba sannan a hau tudu, ruwan kuma kada ya wuce idon sawu.