Ofishin masu ba da shawara kan takardun zama a Ingila: sun iya aiki amma waya sai a hankali

Jama'a ga duk wanda hankalinsa ya tashi tun da gwamnatin Birtaniya ta fitar da shirinta a watan Mayu 2025 na mayar da jiran takardar zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10, ofishin nan da na je gaskiya sun san abin da suke yi. Matar da ta duba min takardu ba ta tsorata ni ba kuma ba ta yi min romon baka ba, ta ce Malam shirin gwamnati daban doka daban, a bi abin da ke aiki yau, sannan ta zauna ta lissafa min kwanakin da na yi a wajen ƙasar ɗaya bayan ɗaya saboda wuce kwana 180 cikin wata 12 na iya ɓata lissafin mutum gaba ɗaya, wallahi da yawanmu ba ma kula da wannan in an tafi gida hutu.

Ta yi min bayanin jarrabawar Life in the UK, wato gwajin sanin tarihi da rayuwar Birtaniya da ake yi kafin a nemi takardar dindindin, tambaya 24 cikin minti 45, sai ka ci 18, da cewa yawanci sai an shekara da takardar dindindin kafin a nemi zama ɗan ƙasa.

Matsalarsu waya. Ka kira ba a ɗauka, imel kuma sai ka manta ka tura kafin amsa ta zo, ga kuɗin ganawa ba sauƙi. Suna da rajista da IAA dai, wato hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawara kan shige da fice a Birtaniya, na duba da kaina kafin in biya ko sisi, ku ma ku duba.