Faci ko wankin hannu: wanne ya fi auna maganin da ke taɓa fatar mai feshi?

Wani ɗan'uwa mai kula da masu feshi a gonakin tumatir na Kadawa ya yi tambaya: in ana son sanin yawan maganin ƙwarin da ke taɓa jikin yaransa, a liƙa musu faci ne, ko a wanke hannuwansu a kai ruwan ɗakin gwaji?

Malam, ai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Faci yana kama abin da ya sauka a jiki, wanki kuwa yana kwaso abin da ya rage a kan fata.

Facin tsohuwar dabara ce, tun 1962 wasu masana biyu, Durham da Wolfe, suka bayyana ta. Ƙyallen auduga ne, santimita 10 tsawo, 10 faɗi, a liƙa a ƙirji, baya, damatsa, cinyoyi da ƙwauri, wasu a kan riga, wasu a ƙarƙashinta. In an tashi aiki sai a ciro, a tatse maganin, a yi lissafi da faɗin wannan sashe na jiki. Daɗinsa shi ne yana nuna wurin da ɓarakar take. Famfon goyo da murfinsa ke yoyo, facin baya ne zai tona masa asiri. Amma magani ba ya sauka daidai-wa-daida. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan facin, lissafi ya kumbura. Ya kauce masa da ɗan yatsa, a ce yaro lafiya lau alhali rigarsa sharkaf take. Ga shi auduga ta fi fata shan ruwa.

Wankin hannu bai kai haka wahala ba. A zuba ruwa da sinadarin isopropanol, wani nau'in sifirit, a leda, yaro ya tsoma hannu, a girgiza, a ɗaure. Sai dai abin da fata ta riga ta shanye, ko rana ta busar, ko ya goge a wando, ya tafi ke nan. Shi ya sa adadinsa yakan fito ƙasa da gaskiya, musamman in an bari sai la'asar. A riƙa yi duk lokacin da za su huta ko cin abinci.

Ni dai da ni ne, mai haɗa magani, wanda ke buɗe kwalba yana aunawa da murfi ba safar hannu, shi zan yi wa wanki. Mai goyon famfo yana kutsawa cikin jiƙaƙƙen ganye kuma, faci.

Abin da ya shige jiki kuwa, duk biyun ba sa ganinsa. In irin su chlorpyrifos ko dichlorvos kuke fesawa, sai gwajin jini na cholinesterase, wato wani sinadari na jini da irin waɗannan magunguna ke rage ƙarfinsa, kuma a ɗebi na farko kafin kakar feshi ta kama, don a sami abin da za a gwada na baya da shi.