Manchester ko New Lanark: wanne ɗalibi zai ɗauka?

Ɗalibai sun sha tambayata wane gari za su zaɓa in za su yi rubutu kan halin da ma'aikata suka shiga a farkon zamanin masana'antu a Birtaniya.

Wajen samun bayanai, Manchester ce gaba. Masaƙun auduga sun kumbura ta: mutanen da ba su kai 100,000 ba a 1801 sun haura 300,000 a 1851. Iyalai na kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu laima, hayaƙi ya turnuƙe unguwanni, kwalara ta ɓarke a 1832. Duk sanda na karanta labarin yaran masaƙun nan, raina yakan ɓaci. Sai dai bayanan sun yi yawa, suna cin lokaci, mai gaggawa kuma zai ruɗe.

New Lanark ƙauye ne a bakin kogin Clyde a Scotland, ana iya gama nazarinsa da wuri. Wani mai masana'anta, Robert Owen, ya karɓi ragamar masaƙun auduga na ƙauyen a 1800, ya daina ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara goma, ya buɗe makaranta a 1816. Haɗarin shi ne ɗalibi ya zaci haka ko'ina yake, alhali sai a 1819 doka ta hana sa 'yan ƙasa da shekara tara aiki a masaƙun auduga.

Mai son fahimtar cunkoson birni da lafiyar talaka, in yana da lokaci, ya ɗauki Manchester. Wanda hankalinsa ke kan ilimin yara da haƙƙin ma'aikaci a wuyan maigida, New Lanark ta ishe shi.