Buroshi ko gwangwanin feshi: wanne ya dace da farin Boeing 747?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka samu kwalin kamfanin Revell na Boeing 747-400, wato ƙaramin samfurin jirgin na roba da ake haɗa sassansa da hannu, sikelin 1/144, kana so ka haɗa shi ya fito irin manyan jiragen alhazai da Kabo Air da Max Air suka riƙa tashi da su daga filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma kana tambaya ko da buroshi za ka yi fentin ko da gwangwanin feshi. A ganina, gangar jiki da fukafukai na feshi ne, ƙananan kaya kuma na buroshi ne. Ga dalilaina, da kuma inda maganar take canzawa.

Fara duba girman abin da ke hannunka. Ainihin 747-400 tsawonsa mita 70.6 ne, faɗin fukafukansa mita 64.4. Idan ka raba da 144, za ka samu jirgi mai tsawon santimita 49 da faɗin kusan 45, wato kamu guda cur, kuma mafi yawan wannan fili fari ne mai sheƙi. Masu haɗa jiragen yaƙi suna samun sauƙi, domin fentinsu dishi-dishi ne mai launuka barkatai, yana ɓoye sawun buroshi. Jirgin fasinja ba ya ɓoye komai. Fari shi ne launin da ya fi kowanne wuyar rufe abin da ke ƙarƙashinsa, sheƙi kuma yana tona duk wani ƙarzo da gashi da ƙwayar ƙura.

Da buroshi, matsalar tana cikin yadda fentin yake kwanciya. Shafi ɗaya ba ya rufewa, sai ka yi huɗu ko biyar, kowanne siriri, kana jira ya bushe kafin na gaba. Wanda ya gaji ya labta mai kauri don ya gama da wuri, zai cike siraran layukan da aka zana a jikin robar, ƙofofi su ɓace, sawun gashin buroshi ya tsaya daga hanci har wutsiya. Nau'in fentin ma yana da nasa hali. Na ruwa, irin su Tamiya X-2, yana bushewa da sauri ƙwarai, har ta kai idan ka koma kan inda ka shafa yanzu-yanzu, buroshin zai kwashe shi maimakon ya ƙara. A zafin Kano ko Maraɗi abin ya fi tsanani, sai ka ɗiga masa maganin jinkirta bushewa da kamfanin yake sayarwa. Fentin mai, irin Humbrol lamba 22 ko Revell lamba 04, ya fi daɗin buroshi domin yana daɗewa a jiƙe, ya baje kansa, sawun ya lafa. Illarsa biyu: kowane shafi yana son yini guda ko fiye kafin ka taɓa, sannan farin fentin mai yana komawa rawaya-rawaya da shekaru, musamman idan an ajiye shi inda babu haske. Abin takaici ne ka yi wata guda kana aiki, bayan 'yan shekaru jirgin ya zama ruwan madara.

Da gwangwani kuwa, babu abin da ke taɓa jikin jirgin sai fentin kansa. Wanda masu wannan sha'awa suka fi yarda da shi shi ne Tamiya TS-26, mai mililita 100, a kan farar firaima ta kamfanin, wato shafin share fage da ake fara fesawa don fenti ya kama. Yana fita laushi, yana bushewa cikin mintuna, ba ya saurin canza launi, kuma idan ya yi ƙarfi yana jure tef da guga. Ka girgiza shi sosai kamar minti biyu, ka riƙe shi nesa da jirgin da santimita 20 zuwa 25, ka fara danna kan gwangwanin kafin ka iso hanci, kada ka saki sai ka wuce wutsiya. Shafi biyu na farko su zama yayyafi kawai, ko da kana hango firaimar ta ƙasa. Na uku ne zai zama mai ɗan nauyi, shi ke kawo sheƙin. Ga jirgi mai wannan girma, da gwangwani biyu a hannu hankalinka zai fi kwanciya.

Kurakuran feshi guda biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. Ka matso kusa ko ka tsaya wuri ɗaya, fenti ya zubo ya yi hawaye. Ka yi nisa, ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin ya yi kaushi kamar ɓawon lemo. Na biyun ne ya fi samun mu, domin a hunturu da bazara iskarmu a bushe take. Don haka sassafe ya fi, kafin rana ta yi zafi, kuma a inuwa. A damina kuma wata matsalar ce: idan laima ta yi yawa, irin wannan fenti yana dushewa, ya yi hazo-hazo maimakon ƙyalli. Ranar da aka kwana ana ruwa, ka haƙura.

Ta fuskar ƙura, feshi ya yi wa buroshi nisa, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Fentin mai da aka shafa da buroshi yana zama da danƙo na sa'o'i masu yawa, duk abin da iskar hunturu ta ɗauko a kansa zai sauka. Na gwangwani yana rufe fuskarsa cikin ɗan lokaci. Ko ma wanne ka zaɓa, ka tanadi babbar robar ajiya ko kwali mai tsabta, ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin aiki, kana gamawa ka kife shi a kan jirgin.

Inda buroshi ya ci nasara shi ne samuwa. Gwangwanin fenti kaya ne mai kama wuta, ba a yarda fasinja ya sa shi a jakarsa a jirgin sama ba, kuma masu aika kaya da yawa ba sa ɗaukarsa. Ƙaramar kwalbar fentin ruwa kuwa tana isowa ba tare da wannan wahalar ba. Saboda haka mai yiwuwa abin da za ka samu a kasuwa shi ne gwangwanin da ake fesa wa babur da ƙofar ƙarfe. Ana iya aiki da shi, amma da taka-tsantsan. Robar waɗannan jirage mai narkewa ce a gaban tina mai ƙarfi, wato ruwan sirka fenti, gam ɗin da ake haɗa su da shi ma ta hanyar narkar da ita yake kamawa. Wasu daga cikin waɗannan gwangwanaye suna cin fuskar robar ta yamutse, kuma bakinsu yana zubo fenti da yawa fiye da yadda ƙaramin jirgi yake buƙata. Kada ka fara a jikin jirgin. Fesa a kan firam ɗin robar da ka ciro sassan daga ciki, ka bar shi ya kwana, ka gwada da farce. Idan ya zauna lafiya, ka sa firaima tukuna, sannan ka bi da shafi mara nauyi ƙwarai.

Wari ma abin lura ne. Tururin gwangwani yana da illa ga huhu, ba a fesa shi a ɗakin kwana, ko kusa da yara, ko kusa da murhu. Kada kuma ka bar gwangwanin a rana ko cikin mota a rufe. Fentin ruwa da buroshi kuwa kana iya yinsa a zaune a ɗaki da dare, taga a buɗe.

Akwai hanya ta uku, ƙaramar bindigar feshi mai kwamfuresa. Ita ta fi duka iko, tana ba ka damar haɗa launin da kake so, amma tana son kuɗi, da wutar lantarki tsayayya, da wanki bayan kowane aiki. A jirginka na farko ba na ba ka shawarar saye.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kada zaɓin fenti ya ɗauke maka hankali daga aikin da ake yi kafin fenti. Gangar jikin ɓari biyu ce, hagu da dama, kuma mahaɗarsu tana bi ta tsakiyar bayan jirgin, daidai inda ido yake fara sauka. Babu fentin da zai rufe ta, feshi ma ƙara fito da ita yake yi. Kafin ka rufe ɓarin biyu, ka manna ɗan nauyi a cikin hanci don kada jirgin ya zauna kan wutsiya, ka kuma liƙa 'yan guntayen roba ta ciki a tsawon mahaɗar don ta yi ƙarfi. Bayan gam ya kama, ka cike layin mahaɗar da fila, wato kwaɓin cike rami, ka goge da samfefa jiƙaƙƙiya, daga lamba 400 zuwa 600 zuwa 1000, wato daga mai kaushi zuwa mai laushi. Sai firaima. Ita ce za ta nuna maka inda layin ya rage, ka sake cikewa ka sake gogewa har ka daina ganinsa ko da ka karkata shi a haske. Tagogin fasinja ma a wannan mataki ake yanke shawara a kansu: ko ka cike ramukan ka sa sitikar tagogi daga baya, ko ka bar su a buɗe ka cika kowanne da farin gam mai bushewa garau, irin Micro Kristal Klear, bayan an gama fenti. Ni na fi son sitika, domin layin tagogin yana fitowa a miƙe.

Idan farin ya yi kwana biyu zuwa uku ya yi ƙarfi, sai ka rufe shi da tef ka fesa ruwan tokan fukafukai, da na ƙasan gangar jiki idan launin kamfanin jirgin da ka zaɓa yana da shi. Ka nemi tef ɗin takarda mai rawaya na Tamiya. Salatif na ofis yana barin danƙo, yana kuma iya ɗago fenti. Ka danne gefensa da tsinken sakace, ka cire shi a hankali kafin fentin ya yi tauri. Akwai ƙa'ida ɗaya idan za ka gauraya hanyoyin biyu: fentin mai ko na ruwa yana zama lafiya a kan na gwangwani, amma na gwangwani a kan fentin mai yana tayar da shi ya yi tamoji. Feshi ne farko, buroshi daga baya.

A nan buroshi yake shiga gidansa. 747 yana da tayoyi 18, 16 a tsakiya da 2 a hanci, ga injuna huɗu da fukafukan fankarsu, ga zoben azurfa a bakin kowane inji, ga bututun hayaƙi mai duhun ƙarfe. Rufe waɗannan da tef don a fesa ɓata lokaci ne. Buroshi mai tsini, lamba 0 ko 1, shi ne maganinsu.

Sitikun cikin kwalin na ruwa ne, kuma su ma suna goyon bayan feshi, domin a kan fuska mai santsi kaɗai suke kwanciya. Idan akwai kaushi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinsu su yi fari-fari a gefe. Ka tsoma sitikar a ruwa mai ɗumi, daƙiƙa goma zuwa ashirin, ka zame ta a hankali daga takardar zuwa jikin jirgin, ka matse ruwan da auduga. Dogayen layuka ka yanka su gida biyu ko uku kafin ka jiƙa.

Idan kuma ka nema ka rasa gwangwanin da zai zauna da robar, kada ka ajiye kwalin. Ka samu buroshi mai faɗi da laushi, ka sirka fentin har ya yi ruwa, ka riƙa ja ta fuska ɗaya daga hanci zuwa wutsiya, kana gogewa da samfefa lamba 2000 jiƙaƙƙiya tsakanin shafi da shafi. Zai ɗauki makonni, amma zai fito. Nan gaba kuma, idan buroshin ne zai zama hanyarka, ka duba jiragen Hasegawa na sikelin 1/200. A can 747-400 santimita 35 ne kawai, filin farin da za ka shafa kusan rabin na wannan ne.