Hilux ko Fortuner ga mai gona a fadamar Bunza

Wa alaikumus salam Alhaji. Hilux za ka saya, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu, kuma mai ogzilari, wato mai iya ja da ƙafa huɗu. Tunda daɗin tuƙi ka tambaya, kuma motar za ta riƙa kai da komo ne tsakanin Birnin Kebbi da gonarka ta fadamar Bunza, ban ga abin dogon tunani ba. Fortuner ɗin da aka yi maka tayi mota ce, ban ce ba mota ba ce, amma aikinka ya fi ƙarfin abin da aka yi ta dominsa.

Su biyun uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tun 2005 da Toyota ta fara fitar da Fortuner, a kan shasin Hilux ta ɗora ta, kuma da aka sabunta Hilux a 2015 ita ma a shekarar aka sabunta ta. Injin 2.7 ɗin nan shi ne a cikinsu duka, haka na gas, haka ƙafar gaba. Shi ya sa idan ka je wajen masu sayar da kayan gyara, abubuwa da yawa na wannan suna hawa waccan. Inda suka rabu a wajen tuƙi wuri biyu ne, ƙafar baya da kuma tsawo, kuma duk abin da za ka ji a jikinka daga nan yake fitowa.

Bayan Hilux a kan sifirin na falle-falle yake zaune, irin ƙarafan nan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya kamar na manyan motoci. An yi su ne don su ɗauki kaya kusan tan ɗaya, har da nauyin mutanen da ke ciki. To idan ba kaya, ba abin da zai danne su. Kana shiga hanyar burji mai gargada bayan motar zai fara tsalle, wanda ke kujerar baya ya ji a ƙugunsa, in da Hajiya a ciki kafin ku kai Kalgo ta gaya maka. Abin da ya fi tsallen muhimmanci shi ne riƙon ƙasa. Tayar da ke tsalle ba ta kama hanya, saboda haka a kwana mai tsakuwa, ko a kwalta bayan yayyafin farko na damina, bayan Hilux da ba kaya yakan so ya riga gaba wucewa in ka taka mai da ƙarfi. Tsofaffin da yawa ba su da na'urar nan da ke gyara mota in ta fara zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, don haka hankalinka ne kawai zai riƙe ta. Wannan gaskiya ce, kuma gara ka ji ta daga wanda ke son motar.

Maganinsa ba wuya. Raƙumi ce, sai ta ji kaya take daidaita tafiya. Ni ba na rabuwa da buhun taki huɗu ko biyar a baya, masu kilo 50, in taki ya ƙare buhunan yashi, a jere daidai kan aksul ko ka ɗan matso da su wajen kan mota, a ɗaure. Da zarar nauyin nan ya hau, za ka rantse canza motar aka yi: tsallen ya lafa, sitiyari ya tsaya wuri ɗaya, ramin da ɗazu yake buga maka baya yanzu sai dai ka ji ƙararsa ya wuce. Kuma ka lura da masu faci, suna ganin Hilux sai su ɗura mata iska kamar za ta ɗauki siminti zuwa Yawuri. Ka bi abin da aka rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba, akwai adadin iska na lokacin da take da kaya da na lokacin da ba ta da shi. Rabin masu cewa Hilux tana karya baya, iskar tayarsu ce ta yi yawa.

Fortuner kuwa sifirin mai murɗe gare ta a baya, don haka ba kaya ma tana da laushi fiye da Hilux. Na ba ta wannan. Sai dai a kwana tana kwantawa gefe, kuma in ka loda mata abu mai nauyi bayanta ya durƙushe, fitila ta koma haska sama.

Sai tsawo. Tsakanin tayar gaba da ta baya, Hilux mai ƙofa huɗu tana da milimita 3,085, Fortuner ta 2015 zuwa sama tana da 2,745. Jiki gaba ɗaya Hilux ta kai wajen mita 5.3, Fortuner wajen 4.8. Wannan rabin mitar a cikin gari ake jin sa. Juyawa a lungunan tsohon gari, ko neman wurin ajiyewa a bakin babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko kutsawa cikin cunkoson Jega tsakanin 'yan kabu-kabu da masu kura, duk Fortuner ta fi sauƙi, inda za ta juya kai tsaye kai sai ka yi ribas ka sake gyarawa. Bayan Hilux ma ba ya ganuwa sosai ta madubi, yaro ƙarami zai iya tsayawa a bayanta ba ka sani ba, saboda haka in za ka fita daga gida ka zagaya ka duba da idonka, kullum. Amma ka fita babban titi, ka ɗauki hanyar Jega zuwa Koko, tsawon nan ya zama alheri. Tirela ta wuce ka da iskarta, Hilux ba ta ko girgiza kai, tana miƙe sambal, ba ka ta gyaran sitiyari dama da hagu. Wanda ya saba doguwar tafiya ya san gajiyar da wannan ke rage masa.

Hilux ɗina ta 2012 ce, kuma abin da ya sa nake maganarta da bakin nan a watan Satumban 2020 ya faru, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafar jihar nan. Na shiga wani ƙauye ta wajen Suru don in kwashe injinan ban-ruwa da sauran takin da muka ajiye, na tarar ruwa ya riga ya hau hanyar da na bi da safe. Mutanen garin suna ta fitar da abin da za su iya. Aka loda injinan, aka loda buhunan gero na maƙwabta, aka ɗora awaki a kai aka ɗaure, wata tsohuwa da ba ta iya tafiya aka sa ta a gaba kusa da ni, jikokinta a kujerar baya. Wani dattijo ya naɗe wandonsa ya shiga gabanmu da gora, yana soka ta a ƙasa yana nuna mini inda hanyar take, don ba abin da ake gani sai jan ruwa da kan ciyawa. Na tsaya na sa L4, wato ogzilarin laka mai zurfi, na saka giya ta biyu, na ɗauke ƙafata daga kan kuloci ban sake taɓa shi ba. A ƙarƙashin ruwan baƙar lakar fadama ce mai danƙo, irin wadda ke cire wa mutum takalmi. Ina jin tayoyin baya suna nutsewa suna neman ƙasa mai ƙarfi, nauyin geron nan yana danna su, motar tana tafiya a hankali da ƙarar inji guda ɗaya ba hawa ba sauka, ruwa yana bugun matakala. Tsohuwar tana ta salati ƙasa-ƙasa, hannunta a kan dashbod. Da muka hau tudu aka sauko da ita, ba ni ta fara yi wa addu'a ba, bodin motar ta dafa tana sa mata albarka, laka har gwiwar hannunta. Tun daga ranar ko an taya motar nan ba na sauraro.

Fortuner mai ogzilari ita ma za ta iya tsallake wurin, ban musa ba. Amma geron da awakin da injinan a can za a bar su.

Kada wannan labari ya sa ka raina ruwa. In ya wuce gwiwar babban mutum, ko yana gudu, ka haƙura ka juya. In kuma ka ratsa, ka sa bakanike ya duba man aksul da na giya, in ya koma fari-fari ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. Haka ogzilari yana da ƙa'ida. Na Hilux ba na kullum ba ne: a kwalta H2, inda ƙafar baya kaɗai ke ja, a burji mai santsi ko rairayi H4, a laka mai zurfi ko hawan gaɓa L4, shi kuma sai ka tsaya cak kake sa shi. Kana komawa busasshiyar kwalta ka cire, in ba haka ba a kwana za ka ji sitiyari ya ƙage, taya tana kuka, kana cin ƙarfen giyarka da hannunka. Tsohuwar Fortuner mai ogzilari, ta kafin 2015, ƙafa huɗunta kullum a cikin aiki suke, abin da ke ba ta riƙo mai kyau a jiƙaƙƙen titi, ya kuma ƙara mata shan mai.

Maganar mai kuwa, kada kowa ya ruɗe ka, 2.7 yana sha a cikin kowaccensu, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koyi lissafi. Na zaɓar maka shi ne don haƙurinsa. Sarƙa gare shi a wurin bel na tayimin, kowane bakanike daga Argungu zuwa Kamba ya san cikinsa, kuma man bumburutu ba ya kashe shi nan take. Na gas ya fi ƙarfin ja, ya fi tsimin mai, amma nozul ɗinsa ba ya yafe gurɓataccen gas, kuma ranar da ya lalace kuɗin gyaran zai sa ka zauna. Na gas masu 2.5 da 3.0 kuma bel gare su, ana canza shi a kilomita 150,000. Shi 2.7 da giyar hannu yana da kuzari daidai gwargwado, kai ke zaɓar giyar da za ka wuce tirela da ita. A Fortuner otomatik da mutum bakwai a ciki da na'urar sanyi tana aiki, ka taka ya yi ta ihu kafin motar ta amsa.

Akwai kuma abin da ba a kawowa a lissafi sai an saya. Noman rani jarkokin fetur ne, da maganin feshi, da taki, da tiyo mai laka. A Hilux duk suna waje, iska na kwashe warinsu, ka dawo ka watsa ruwa shi ke nan. A Fortuner iskar da jarkar fetur ke fitarwa ita yaranka za su shaƙa, warin maganin ciyawa kuma in ya kama kafet sai dai haƙuri. Kujerun nan biyu na can baya in an naɗe su jikin bango suke rataye, sun cinye wurin kaya, suna ƙara a gargada. Kujerar bayan Hilux ta fi miƙewa tsaye, manya za su gaji in tafiyar ta kai Kwantagora, amma zuwa Gwandu ko Aliero gaishe da dangi ba wanda zai koka. Ka sayi tamfol mai kyau saboda damina da ƙurar hunturu.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna. Hilux tana da kasuwa, don haka ita aka fi yi wa ha'inci. Ana ɗaukar ta 2008 ko 2010 a canza mata fuska, fitilu da bamba da giril na sabon yayi, a fesa farin fenti, a ce maka 2018 ce. Kada ka tsaya kallon fuska, buɗe ƙofa ka dubi dashbod da sitiyari, ka karanta shekarar da ke jikin ƙyallen bel ɗin kujera can ƙasa, ka gwada lambar da aka buga a jikin shasi da ta takarda harafi bayan harafi. In ka ga alamar walda ko sabon baƙin fenti a wani yanki na shasin kaɗai, ka yi sallama ka tafi. Akwai masu tsayi kamar masu ogzilari alhali ƙafar baya ce kawai ke ja, har sitika ake manna musu. Ka durƙusa ka leƙa ƙasan gaba, in ba ka ga aksul da sandunan da ke shiga tayoyin gaba ba, ba ta da ogzilari, kuma ko ka gani sai an sa H4 da L4 a gabanka a kan ƙasa ka ji sun kama. Wasu kuma asalinsu masu sitiyari a dama ne aka juya, irin waɗannan ba sa taɓa miƙewa daidai a hanya, ka lura da inda waifa ke kwantawa da yadda aka yanka dashbod. Lambar kilomita ba abin yarda ba ce, ana mayar da ita baya. Roban feda da gefen kujerar direba sun fi ta gaskiya, musamman motocin kamfanoni da suka gama wahala a daji aka yi musu wanka.

Sai takardun kwastan. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, mu kuma ga mu a bakin iyaka, ga Kamba ga Tsamiya, don haka in dillali ya ce 'yar Kwatano ce ta shigo jiya, ka tambaye shi ta ina ta shigo. Ka kai takardun ofishin kwastan da ƙafarka a tantance, kada ka karɓi hoto a waya. Wanda ya ce maka wani Alhaji na zuwa da kuɗi anjima, ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Wajen gwaji ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da sassafe inji na da sanyi, ku tuƙa ta ba kaya a kan burji, sannan ku ɗora buhu biyar ku sake bin wurin, gani ya kori ji. In ka samu wadda ta kwanta maka a rai, turo mini hoton dashbod da na ƙasan gaba da lambar shasi kafin ka ba da ko kafin-alƙalami.