Kantin Robinson na Dorset, inda ake zuwa cefane a jirgin ruwa

A farkon Oktoba muka bar Toronto da sassafe, ni da maigidana da yaranmu biyu, muka miƙe arewa. Kafin azahar mun shiga Dorset, wani ɗan ƙauye a bakin tafkin Lake of Bays a lardin Ontario na Kanada. Launin ganyen kaka muka je gani, amma kantin Robinson's General Store ne ya cinye mana rabin yinin.

Iyalin Robinson ne suka buɗe shi a 1921, ya kuma yi shekara ɗari cur a hannunsu. An yi ta ƙara masa ɗakuna, shi ya sa in ka shiga sai ka yi ta ratsawa lungu-lungu: nan kayan abinci, can ƙusa da fenti da igiya, gaba kaɗan rigunan sanyi da takalman fata masu laushi. Babu ce kawai babu.

Na zaci irin wurin nan ne da aka ƙawata don 'yan yawon buɗe ido su ɗauki hoto su wuce. Ashe ba haka ba ne. Muna tsaye a bakin ruwa sai ga wani dattijo ya ɗaure ƙaramin jirginsa, ya shiga da 'yar takarda a hannu. Jim kaɗan ya fito da burodi da madara da ƙullin ƙusoshi, ya koma kan ruwa abinsa. Wannan ne ya kama min zuciya. Kanti ne da mutanen wurin ke rayuwa da shi har gobe, mu baƙi rakiya kawai muka yi.

Na sayo kwalbar zumar itacen maple da safar ulu, maigida ya samu fitilar hannu. Ƙaramarmu ta kasa zaɓar alawa, matar da ke karɓar kuɗi ta jira ta da fara'a, ko kaɗan ba ta gaggauta mu ba.

Ƙauyen kansa a 'yan mintuna za ka zagaye shi da ƙafa. Akwai siririyar gada a kan mashigin ruwan, mota ɗaya-ɗaya take ɗauka. Daga nan muka hau hasumiyar kallo da aka gina a 1967 a kan tudu, tsawonta mita 30. Gwiwoyina sun yi rawa a matakalar ƙarfen, amma da na kai sama na ga tafkin shimfiɗe, daji ya rine ja da ruwan ɗorawa iya ganin ido, sai da na ce tsarki ya tabbata ga Allah.

Mai niyyar zuwa a kaka ya zaɓi tsakiyar mako, don ƙarshen mako jama'a kan yi yawa. A riƙo rigar sanyi mai kauri, iskar saman hasumiyar tana ratsa ƙashi.